Filin Gwaggo: Tayar da za ta iya da tsidau da dutse

 Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka sake kama. Ga maganar aure da surukai tana nan yadda aka saba, ga kuma maganar keke ta shigo da ƙarfinta, domin mutane da yawa sun jingine babur sun koma taka feda. A wannan makon na ware wasiƙu huɗu daga Birnin Kudu da Gwaram, dukansu a kan taya. Malamin da ya makara aji saboda faci, da magidancin da buhunsa ya yini a bakin hanya, damuwarsu ta isa a zauna a yi mata magana a tsanake.

*Gwaggo, ina gaishe ki da aiki. Ni malamin firamare ne a Gwaram, makarantarmu tana wani ƙauye, hanyar rabi burji ce, rabi tsakuwa da duwatsu. Na sayi keke mai giya na gwanjo a Kano. Tayar da ya zo da ita kamar sabuwa, ba nauyi, ga gudu, amma ba a yi wata ba gefenta ya tsage har tif ya leƙo. Na sayi wata mai manyan haƙora a kasuwa, ita kuma ta kumbura a gefe guda. Mai faci ya ce hannuna ne ba kyau. Maiɗakina ta ce kuɗin faci ya kusa kamo kuɗin man da na gudu. Me zan duba idan zan sake saye?*

Ɗana malam, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan zirga-zirga da kake yi saboda 'ya'yan jama'a. Hannunka lafiyarsa ƙalau. Da ido ka sayi tayar nan, ido kuwa zane kawai yake gani, abin da ke riƙe da taya yana can ciki.

Ka karɓi tsohuwar taya a wurin mai facin nan naka, ka juyo cikinta waje. Za ka ga zaruruwa jere a karkace, wani sahu ya haye wani. Wannan saƙa, wadda yawanci ta nailan ce, ita ce gangar jikin taya. Ita ke tsare iska, ita ke ɗaukar nauyinka, ita ke shan dukan dutse. Robar da kake gani a waje lulluɓa ta aka yi a kanta, sai kuma waya a baki biyu da ke kama rim. Ranar da saƙar ta yanke, taya ta gama aiki, ko da haƙoranta ba su taɓa ƙasa ba. Kumburin da ka gani a taya ta biyu ma abin da ya jawo shi ke nan: zare ya tsinke a ƙarƙashin roba, iska ta sami wurin turowa.

Masu ƙera taya suna ƙirga yawan zaren da ke cikin inci ɗaya na saƙar, su rubuta a kwali ko a jikin taya tare da haruffan TPI. Za ka ga 30, ko 60, ko 120. A nan mutane ke ruɗewa, don an saba ɗauka babbar lamba ita ce mai kyau. Mai 120 zarenta siriri ne, robar da ta ratsa shi kaɗan ce, shi ya sa ba ta da nauyi, tana lanƙwasa da sauƙi, tana kuma gudu. 'Yan tsere aka yi wa ita, waɗanda ke sauya taya ba tare da sun ji a aljihu ba. Mai 60 zarenta ya fi kauri, roba ta fi yawa a jikinta, ta fi jure yanka da gurzar dutse. Kamar shadda ce da buhu: shadda ta fi tsada, ta fi laushi, amma ba wanda zai zuba mata masara ya ja ta a kan tsakuwa. Ina kyautata zaton tayarka ta farko irin ta 'yan tsere ce da ta biyo keken daga Turai.

Bayan kaurin zare, sai yawan sahu da kuma kariyar da aka ƙara a gefe. Kamfanin Maxxis, wanda mallakar Cheng Shin ne na Taiwan (su ne kuma masu yin CST), yana rubuta wannan a jikin taya. EXO sahu ɗaya ne da aka ƙara wa ƙyallen kariya a gefe. EXO+ ta ɗara ta ƙarfi. DoubleDown sahu biyu ne na zare 120, sai DH mai sahu biyu na zare 60, wadda aka yi wa masu gangarowa daga kan tsauni a guje. Schwalbe na Jamus su ma haka suka jera nasu, daga Super Race mai shafal har Super Downhill, da Super Ground da Super Trail da Super Gravity a tsakani. Tayar tsere kan yi nauyin giram 600 zuwa 700, ta gangaren tsauni kuwa takan haura kilo ɗaya da giram 200. Kada ka ce to bari ka nemi mafi kauri duka. Waɗancan masu gangarowa sau da yawa mota ko na'ura ce ke kai su sama, kai kuwa cinyarka ce za ta juya wannan nauyi safe da yamma, ka isa aji a jiƙe da gumi. Tsaka-tsaki za ka nema: zare 60 mai kariya a gefe.

Na san mafi yawan abin da za ka tarar a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a kasuwannin kusa da kai ba su da waɗannan rubuce-rubuce, wasu kuma sunan ne kawai aka buga, kayan jabu ne. To hannunka da idonka su yi maka aiki. Ka matsa gefen tayar tsakanin yatsu biyu; idan ka ji kamar takarda, ajiye ta. Ka ɗaga ta saitin rana. Idan haske yana ratsowa ta gefe, duwatsun hanyarka ma za su ratsa. Ka ɗauki biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya a kowane hannu, wadda ta fi nauyi yawanci ta fi nama. Idan ta gwanjo ce, ka lanƙwasa gefen sosai ka duba: ƙananan tsagogi alama ce roba ta tsufa a ajiye, ko da zanen bai ci ba. Ka bi wayar baki da yatsa tun daga farko har ƙarshe, kada ta kasance ta karye ko ta fito.

Sai maganar iska, wadda ita ce ta fi kashe taya a wajenmu. Idan mai faci ya fito da tif ka ga huda biyu gefe da gefe, ba ƙaya ba ce. Iska ce ta yi ƙasa, ka daki dutse, rim ya matse tif ya huda shi, kuma wannan dukan ne ke tsinka zaren gefe. A jikin kowace taya an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Masu faɗin inci biyu da yawa za ka ga 40 zuwa 65 PSI. Ka mallaki famfo naka, ka taɓa taya kowace safiya kafin ka hau. Idan kuma hudar tana ta ɓangaren da ke kallon rim, ƙyallen da ke rufe kan wayoyin ƙafar keken ne ya goce, a sake shi.

Game da maiɗakinka, tana da gaskiya ta yi lissafi, kuɗin cefanenta ne ke tafiya. Ka zauna ka nuna mata tsohuwar tayar da abin da na faɗa maka, ku yanke shawara tare a sayi guda ɗaya mai kyau a wannan albashi, ɗaya kuma a na gaba.

*Gwaggo, barka da war haka. Maigidana yana dakon hatsi a kan kekensa Phoenix zuwa kasuwar Sara. Tayar baya ba ta daɗewa. Ɗanmu da ke aiki a Kano ya tara kuɗi ya sayo masa taya mai manyan haƙora irin ta keke mai giya, aka kai wa mai gyara ta ƙi shiga. Baban ya ce yaron ya yi asarar kuɗi, yaron ya yi fushi, yanzu ko waya ba ya kira. Ni ce a tsakiya.*

'Yata, ki kwantar da hankalinki, wannan faɗan ba shi da saiwa. Yaro ya yi niyyar alheri, lamba ce ta yaudare shi, kuma ta sha yaudarar manya.

Inci 26 ko 28 da ake faɗa a baki ba su isa a sayi taya da su ba. A jikin taya akwai wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta farko faɗin taya ne, ta biyu kuma faɗin da'irar rim a milimita, kuma ita ce dole ta zo daidai. Manyan kekunan dako irin su Phoenix da Raleigh na da, masu inci 28, yawanci 635 ne. Keke mai giya mai inci 26 kuwa 559 ne, mai inci 27.5 shi ne 584, mai inci 29 kuma 622. Kin ga 622 da 635 sun yi kusa a ido, amma ko da ƙarfe aka danna ba za ta hau ba. Yaron ya mayar da ita ko ya sayar wa mai keke mai giya, kuɗinsa ba su faɗi ba.

Ko da ta shiga ma, ba ita maigidanki ke buƙata ba. Manyan haƙora don cizon laka da turɓaya aka yi su. A ƙarƙashin buhu kan kwalta da burji sai su riƙa lanƙwasa, su ci ƙarfinsa, su siɗe da wuri. Mai dako yana son roba mai tauri, zane ƙanana a matse, saƙa mai kauri, waya ta ƙarfe a baki, da iska cike har kusa da iyakar da aka rubuta. Ya kuma sani kowane keke yana da iyaka. Keken Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ta ƙera musamman don dako a ƙauyukan Zambiya da Kenya da wasu ƙasashe, kilo 100 aka ƙayyade wa kariyarsa. Buhun masara cikakke ya kai nan shi kaɗai, kafin a sa nauyin mai keken. Idan yana ɗora buhu da rabi, babu tayar da za ta yi masa shekara.

Ki sa maigidan ya karanta wa yaron lambar tsohuwar tayar ta waya, ya ce masa idan ya sami hali ya nemo irinta mai nauyi. Uba ya nemi taimakon ɗansa, fushi ba zai kwana ba.

*Gwaggo, ni ɗalibi ne a Birnin Kudu. Ni da abokaina muna hawa duwatsun bayan gari da keke ranar hutu, irin yadda muke gani a bidiyo. Na ji ana cewa MaxxGrip ita ce ƙarshen taya, na yi ta tara kuɗi har na samu biyu, na sa gaba da baya. A kan dutse kam tana kamawa kamar an liƙa ta. Amma da keken nake zuwa makaranta da aike, yanzu haƙoran ta baya sun siɗe, wasu sun ɓalle. Baba ya ce ba zai ƙara ba ni ko sisi a kan keke ba. An cuce ni ne?*

Ɗana, ba a cuce ka ba. Tayar ta yi abin da aka yi ta domin shi, kai ne ka ba ta aiki biyu alhali ɗaya ta iya.

Ɗanyar roba yadda take fitowa daga itace ba ta yin taya: zafi ya narka ta, sanyi ya sandare ta. Charles Goodyear na Amurka ne ya gano dafa ta da farar wuta, ya yi rajistar dabarar a 1844, sannan John Boyd Dunlop ya yi tayar keke mai iska a Belfast a 1888. Tun daga nan kowane kamfani yake da nasa haɗin: roba ta itace da ta masana'anta, baƙin garin gawayi na musamman da ke ba ta launi da ƙarfi, wani lokaci da garin silika, da mai. Yadda aka auna waɗannan shi ke sa roba ta yi laushi ko tauri. Ana gwada taurin da ma'aunin Shore A. Roba mai lamba 40 zuwa 45 mai laushi ce ƙwarai, mai 60 zuwa 70 kuwa mai tauri ce.

Mai laushi tana nutsewa cikin ƙananan ramukan dutse, kuma idan ta matsu ba ta saurin dawowa, shi ya sa keken ba ya tsalle, yake kamawa yadda ka ji. Wannan halin nata ne kuma ke sa ta ci ƙarfin ƙafa, ta yi zafi, ta gurje. Ka tuna inda wasan nan ya taso: tsaunukan gundumar Marin a Kalifoniya cikin shekarun 1970, kafin keken Stumpjumper ya shiga kasuwa a 1981, daga nan ya bazu Turai. Mafi laushin roba an yi ta ne don jiƙaƙƙen dutse da saiwoyin itace masu santsi a dazuzzukan can. Kai kuwa ka ɗora ta kan kwaltar hanyar Kano da tsakar rana, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ga kuma birkin baya da samari ke son ja har taya ta yi ƙara. Kowane ja ɗaya kuɗi ne kake gogewa a titi.

Abin da masu wannan wasa ke yi shi ne su raba aiki. Tayar gaba ita ke juya keke, idan ta zame faɗuwa ce ta fuska, don haka ita ake ba roba mai ɗan laushi. Ta baya ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, ita ke tura keke, sai a ba ta mai tauri da saƙa mai ƙarfi. A wajen Maxxis, MaxxGrip ɗin da ka saya ita ce mai laushin, MaxxTerra ita ce tsaka-tsaki, MaxxSpeed ta fi ta gudu, Dual kuma ta fi su daɗewa da araha. Alamar 3C da kake gani tana nufin roba iri uku a taya ɗaya: mai tauri a ƙasa, matsakaiciya a haƙoran tsakiya, mai laushi a haƙoran gefe da ke aiki a kwana. Schwalbe kuma layi mai launi suke ja a kan taya: ja da shuɗi su ne masu tauri da gudu, ruwan lemo mai laushi, shunayya mafi laushi duka. Ka bar MaxxGrip ɗinka ta gaba ta ƙarasa kwanakinta, ka sa Dual ko wata CST ko Kenda mai tauri a baya. Duwatsun Birnin Kudu da rani busassu ne masu kaushi, matsakaiciyar roba ma tana kama su da kyau. A watan Agusta kuwa, idan gansakuka ta hau su, babu robar da zan amince mata da ƙashin ɗan mutum. Ku haƙura sai ruwa ya ɗauke.

Idan ta baya ta ƙare nan gaba, kada ka mayar da siɗaɗɗiya gaba. Idan tayoyin biyu iri ɗaya ne, ta gaba ake mayarwa baya, sabuwa ta hau gaba.

Za ka ji abokai suna zancen taya marar tif, wadda Mavic da Michelin da Hutchinson suka fito da tsarinta a 1999, ana zuba mata wani ruwa mai toshe huda. Tana maganin ƙananan ƙayoyi sosai, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi sauri, kuma sai rim da tayar da aka yi don haka. Ga ɗalibin da babansa ya rufe aljihu, ba yanzu ba.

Abu biyu nake roƙonka. Ka sa hular kwano duk lokacin da za ka hau dutse. Sannan ku nisanci wuraren zanen mutanen da, a Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Kayan tarihin ƙasa ne da mutane ke tasowa daga nesa su gani, bai kamata taya ko hannu su kusance su ba. Duwatsu ba su ƙare muku ba. Shi kuma Baba, kada ka je masa da roƙo. Ka nemi kuɗin tayar baya da guminka a wannan hutun, ka nuna masa ka gane inda kuɗin farko suka tafi.

*Gwaggo, 'yata tana zuwa sakandare da keke daga ƙauyenmu a yankin Sundimina. Kusan kullum sai ta turo shi da hannu, tsidau ya huda. Tana makara, ana dukanta, tana dawowa bayan la'asar. Babanta ya fara cewa gara ta zauna a gida. Ki taimake ni.*

'Yar'uwata, wannan wasiƙa ta fi sauran taɓa ni, domin karatun yarinya ne ke neman tsayawa a kan abin da maganinsa bai fi aikin yini ɗaya ba.

Tsidau ƙayarsa gajera ce. Abin da ake bukata shi ne kaurin da zai hana ta kaiwa ga tif. Schwalbe suna da taya mai suna Marathon Plus da suka sa wa shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 a ƙarƙashin zane don wannan, amma tana da tsada da wuyar samu. Masu gyaran keke namu sun daɗe da tasu dabarar: a samo tsohuwar taya mai girma ɗaya wadda ta siɗe, a yanke wayoyin bakinta biyu, a shimfiɗa ta cikin sabuwar, sannan a sa tif. A goge bakin yankan ya yi sumul don kada ya ci tif, a barbaɗa hoda a tsakani. Keken zai ƙara nauyi kaɗan, amma za ta isa makaranta a kansa. A nemi tif mai kauri, wanda bai sha faci ba, a kuma tabbata taya tana da iska sosai, don mai laushi ta fi kwasar ƙaya.

Sau da yawa kuma ƙaya ɗaya ce ke huda tif sau uku, saboda an yi faci an bar ta a jikin taya. Duk wanda zai yi facin ya bi cikin tayar da yatsa a hankali, zagaye guda, kafin ya mayar. Ki gaya wa yarinyar ta bi tsakiyar turba inda ƙafa ta tattake, ta guji gefen da ciyawa ta bushe da ƙarƙashin aduwa da bagaruwa, waɗanda ƙayarsu doguwa ce, tana iya ratsa taya biyun. Idan ta iso, ta juya ƙafafun keken ta cire duk abin da ya maƙale kafin ya nutse. Keken kuma ya kwana a inuwa, nesa da fetur da baƙin mai, don rana da mai suna cin roba.

Ki saya mata ƙaramin famfo da sholisho da 'yan faci ta riƙa sa wa a jaka, wani yayanta ko mai gyaran unguwa ya koya mata a tsakar gida ranar Asabar. Yarinyar da ke lissafin sakandare ba za ta kasa faci ba. Kafin nan ki sami babanta a lokacin da ransa ke sanyi, ki ce masa ya ba ku mako biyu bayan gyaran ya ga lokacin dawowarta. Tsoron dare a hanya ne ke damunsa, kuma tsoro ne na uba mai kula. Ki kuma aika wa shugaban makarantar bayanin nisan da take tahowa, ko a sassauta mata a ranar da ta makara. Ki rubuto mini bayan mako biyun in ji yadda aka yi.